Mena ta sake zama 'yar kallo: ina ainihin ciwon yake?



Ranar 21 ga watan Disamba 2025 aka buɗe gasar cin kofin Afirka a ƙasar Maroko, da ƙasashe 24. Najeriya na ciki, Benin na ciki, haka Burkina Faso da Mali da Aljeriya. Mu kuwa sai dai mu biya kuɗin shiga gidan kallo, mu zauna kan benci, mu goyi bayan wasu. Gasar kofin duniya ta 2026 ma, ta Amurka da Kanada da Meksiko, ta wuce Mena. A watan Agustan 2025 kuma 'yan wasanmu na gida sun je gasar CHAN sun dawo tun daga zagayen farko.

Tun lokacin da aka kammala wasannin share fage a watan Oktoban 2025, gardama ba ta mutu ba a fadoji da teburin mai shayi da tasha. Kowa na da wanda yake ɗora wa laifi. Wasu sun ce bayanmu ne a buɗe. Wasu sun ce mai horo ne. Wasu sun ce rashin fili ne. Wasu kuma sun ce ba mu da ɗan gaba mai cin ƙwallo. Tunda kowa da nasa, bari mu aje zafin rai gefe, mu ɗauko lissafi mu duba.

Masu cewa baya ne

Hujjar waɗannan guda ce, kuma mai zafi ce: daren 5 ga Satumba 2025 a birnin Rabat, inda Maroko ta zura mana 5 da nema. Wanda duk ya kalli wasan nan bai manta ba. An ba ɗan wasanmu jan kati tun kafin hutun rabin lokaci, muka ƙarasa da mutum goma a gaban ƙungiyar da ta kai wasan kusa da na ƙarshe a kofin duniya na Katar a 2022. Da aka zo tantance ƙasashen da suka zo na biyu a rukuninsu, Nijar na da maki 15, daidai da Kamaru da Najeriya da Burkina Faso. Guda huɗu kawai ake ɗauka zuwa wasan cike gurbi. Gabon da Kwango Kinshasa sun wuce da maki, sauran gurbi biyu sai aka koma bambancin ƙwallaye. Najeriya, wadda ta ɗauki gurbin ƙarshe, tana da rarar ƙwallo 7, mu muna da rarar 1. Shi ya sa mutane da yawa ke cewa ƙwallaye biyar na Rabat ne suka kashe mu.

To amma a sake lissafawa. Da a ce ci 1 da nema Maroko ta yi mana a daren nan, da rararmu ta koma 5. Har yanzu ba mu kamo Najeriya ba, ba mu ma kamo Burkina Faso mai rarar 6 ba. Ke nan ko da 'yan bayanmu sun tare huɗu daga cikin biyar ɗin, gida za mu zauna.

Sannan in aka cire daren Rabat, bayan Mena bai yi abin kunya ba. A sauran wasanni shida da aka buga na neman kofin duniya, ƙwallo 5 aka ci mu. A wasanni shida na neman kofin Afirka, 6 aka ci mu. A wasanni huɗu na CHAN, 3. Jimilla ƙwallo 14 a wasa 16, bai kai ɗaya a kowane wasa ba. An je Zanzibar an hana Tanzaniya ci, an je Ndola an hana Zambiya ci. Mai zagin 'yan baya, ya bar jaki yana dukan taiki.

Masu cewa mai horo ne

A ko'ina a duniya in abu ya ɓaci, mai horo ake fara nuna wa yatsa. Badou Zaki, ɗan Maroko da ya karɓi Mena a ƙarshen 2023, ba baƙo ba ne a harkar. Shi ne mai tsaron ragar Maroko a kofin duniya na 1986, a shekarar aka zaɓe shi gwarzon ɗan ƙwallon Afirka, kuma shi ya kai ƙasarsa wasan ƙarshe na kofin Afirka a 2004. Masu sukarsa na cewa tsohon gola ne, hankalinsa na kan tsare gida, yana tara mutane a baya ya bar ɗan gaba ɗaya yana ta gudu shi kaɗai. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Sai dai a ƙarƙashinsa ne Mena ta je Akra ta doke Gana 2 da 1 ranar 18 ga Nuwamba 2024, ta kuma ci wasanni uku a jere a Satumba da Oktoban 2025, ta ƙare ta biyu a gaban Tanzaniya da Zambiya.

Kuma ƙungiyar da ta je CHAN ba Zaki ne ya ja ta ba. Harouna Doula ne, ɗan ƙasa, wanda ya fara kai mu kofin Afirka a 2012, ya kuma kai mu wasan kusa da na ƙarshe na CHAN a Aljeriya a farkon 2023. Mutum biyu daban, ɗaya baƙo ɗaya ɗan gida, amma ciwon da ya kama ƙungiyoyinsu iri ɗaya ne. In an canza direba har sau biyu mota na tsayawa a wuri ɗaya, sai a buɗe inji.

Ƙwallo ɗaya tak

Ga abin da lissafi ya nuna. A neman kofin Afirka, wasanni huɗu na farko ƙwallo ɗaya muka ci: Sudan ta ci mu 1 da nema, muka yi kunnen doki 1 da 1 da Gana, Angola ta ci mu 2 da nema, ta sake cin mu 1 da nema. Sai da ruwa ya kusa ƙare wa ɗan kada muka farka, muka zura wa Sudan 4, muka doke Gana. Muka ƙare da maki 7, Sudan na da 8. Da a ce mun rama ƙwallo ɗaya a wasanmu na gida da Angola, da mun yi maki 8, kuma da mu za a ɗauka, don a karawarmu biyu da Sudan mu ne a sama.

A neman kofin duniya, takarda ta ce mun ci 11. Amma uku daga ciki a ofis aka ba mu, saboda Kwango Barazabil ta ƙi zuwa filin da aka tsayar a watan Yunin 2024. Abin da ƙafa ta ci shi ne 8 a wasa bakwai. Wasan da ya fi cutar da mu ba na Rabat ba ne, na ranar farko ne, 18 ga Nuwamba 2023, da Tanzaniya ta ci mu 1 da nema a wasan da sunansa namu ne na gida. Da mun rama ƙwallo ɗaya a ranar, da makinmu 16, da mun haye kan Kamaru da Najeriya ba tare da an duba wani bambancin ƙwallaye ba.

A CHAN kuwa abin ya fi muni. Gini ta ci mu 1, Uganda ta ci mu 2, muka tashi babu ci da Afirka ta Kudu, muka tashi babu ci da Aljeriya. Wasa huɗu, minti 360, ba mu taɓa raga ba ko sau ɗaya.

In aka haɗa gasannin uku, wasa 17 aka buga, a tara daga ciki Mena ta fita fili ba ta ci ko ɗaya ba. Kuma ba yau aka fara ba. Sau biyu muka taɓa zuwa kofin Afirka, 2012 da 2013, muka buga wasa shida, ƙwallo ɗaya muka ci, wadda William N'Gounou ya zura wa Tunisiya. Saboda haka a ganinmu masu cewa gaba ne sun fi kusa da gaskiya. Babban raunin Mena shi ne cin ƙwallo, musamman a ranar da ake bukatar guda ɗaya tak. Tambayar da ta rage ita ce me ya kawo haka.

Gidan da ba gida ba

A nan ne maganar masu cewa rashin fili take shigowa. Hukumar ƙwallon Afirka, CAF, ba ta amince da filin Janar Seyni Kountché na Yamai ba don manyan wasanni. Tana da sharuɗɗa kan ciyawa, fitilu, kujeru, ɗakunan canza kaya, wurin 'yan jarida da na likitoci, filin da bai cika su ba ba a wasa a cikinsa. Shi ya sa wasanninmu na gida suka koma yawo: Marakesh, Berkane, Lome, Wagadugu. Wanda ya fi ban takaici shi ne na 21 ga Maris 2025. A takarda mu ne masu masauki, Maroko ce baƙuwa, amma a birnin Ujda na ƙasar Maroko aka buga, a gaban mutanensu. Youssouf Oumarou ya fara ci mana, suka rama, sannan a cikin mintunan ƙari Bilal El Khannouss ya zura ta biyu. Maki ɗaya da ya kuɓuce a daren nan ma da ya ishe mu.

Manya da suka ga zamanin 2010 zuwa 2012 za su tuna yadda abin yake. A watan Oktoban 2010 Masar ta zo Yamai tana riƙe da kofin Afirka sau uku a jere, Moussa Maâzou ya zura mata ɗaya, aka tashi a haka. A wannan zagayen Mena ta ci duk wasanninta uku na gida, da Masar da Saliyo da Afirka ta Kudu, ta sha kashi a duk na waje uku, kuma maki taran nan na Yamai ne suka kai mu gasar 2012. A zagayen da ya biyo, Gini ta ci mu 1 a Konakiri, ta zo Yamai muka ci ta 2, muka wuce. Duk zuwan da muka taɓa yi kofin Afirka, a Yamai aka yanki tikitinsa, da zafin rana da ganga da ihun jama'a.

Ƙungiyar da ke gida ita ke kai hari, don jama'a na tura ta. Wadda ke baƙunta ja da baya take yi tana jiran kuskure. Mena ta shafe shekaru tana wasa kamar baƙuwa ko da yaushe, har abin ya zama mata jiki. Duba ma: a neman kofin duniya maki 9 muka samu a waje, 6 a wasannin da ake kira na gida.

Amma kar mu mai da fili bango na jingina. Sudan da ta ƙwace mana gurbi, yaƙi ake yi a ƙasarta tun 2023, a Juba da Libiya ta buga nata wasannin gida, kuma ta wuce. Rashin fili ya rage mana ƙarfi, gaskiya ne. Bai isa ya bayyana dalilin da ya sa zaɓaɓɓun 'yan wasan gasarmu ta cikin gida suka yi wasa huɗu ba ci ba.

Daga ina ɗan gaba ke fitowa?

Ƙwallayen da suka ba mu nasara a Zanzibar da Ndola duk Daniel Sosah ne ya ci su. An haife shi a Gana, ya zaɓi rigar Nijar, kuma ya cancanci godiya. Akwai Victorien Adebayor da ya daɗe yana ɗauke da kayan. To in ɗayansu ya ji rauni ko ƙafa ta ƙi, wa ke bayansu? Ƙasa mai mutum sama da miliyan 25, mafi yawansu matasa, bai kamata a ce 'yan gabanta ba su cika yatsun hannu ɗaya ba.

Dubi inda ake neman su. Ƙungiyoyin da ke ɗaukar kofin ƙasa a shekarun nan duk na Yamai ne, kuma na masu kaki ne ko na kamfanoni: AS FAN ta soja, AS GNN ta gardi, US GN ta jandarma, AS Douanes ta duwan, sai Nigelec da Sonidep. Su ke da albashi da mota da wurin atisaye. Akwai lokacin da ba haka abin yake ba. Jangorzo ta Maraɗi ta zama zakaran ƙasa a 1983, Espoir ta Damagaram ta zama a 1984. Yau yaron da aka haifa a shekarar ya haura arba'in. Daga Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne. Yaron da ke cin ƙwallo a Dungu ko Kurni ko Tsauni, wane ne zai taso daga Yamai ya gan shi?

Kuma ɗan gaba ya fi kowa bukatar a kama shi da wuri. Ɗan baya na iya dogara da ƙarfi da tsawo da zuciya, waɗannan kuwa Allah ya hore wa yaranmu. Amma tsayar da ƙwallo a taɓawa ɗaya, bugu da ƙafar hagu da ta dama, sanin lokacin da za a kutsa ba a yi satar gida ba, natsuwa in an haɗu da gola ido da ido, duk wannan sai an maimaita shi sau dubbai tun yaro na shekara goma ko sha biyu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaranmu a kan rairayi suke tasowa, ƙwallo ɗaya ga yara talatin, raga dutse biyu ne ko takalmi biyu. Suna iya yanka, suna iya gudu, amma ba wanda ya taɓa tsayar da su ya ce yau bugun raga kawai za mu yi. Da yaro ya kai sha bakwai, ga gona, ga rake da za a kai kasuwa, ga abokai sun kama hanyar Aljeriya ko Kano. Shi ke nan an rasa shi.

'Yan uwanmu na Kano sun san misalin Ahmed Musa. A Kano Pillars ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009 zuwa 2010, daga nan Turai ta ɗauke shi. Maâzou ma daga AS FAN ya tafi Lokeren ta Beljiyam, daga can CSKA ta Mosko. Duka biyun gasar gida ce ta fito da su. Kuma mu ma mun taɓa gwadawa mun gani: a 2017 yaranmu 'yan ƙasa da shekara 17 sun je kofin duniya a Indiya har suka tsallake zagayen farko. Baiwar tana nan, hanyar ce babu.

Darasi daga filin kokowa

Ba sai mun je Turai neman dabara ba. Me ya sa Nijar ke da suna a kokowa? Don tun 1975 akwai tsani. Ɗan kokowa na farawa a dandalin ƙauyensu bayan kaka, ya hau matakin gunduma, ya hau na jiha, kowace jiha ta fitar da mutum goma, a haɗu a nemi takobi. Gasar kuma tana zagaya jihohi takwas, kowace jiha da filinta, kamar filin Langa-Langa na Damagaram. Ba wanda zai ce akwai wani gagarumin ɗan kokowa a ƙauye da ba a san da shi ba. Ƙwallon ƙafa ba ta da wannan tsanin. Muna da gasar babban hutu da samari ke shiryawa da daminar kowace shekara, a yi ta da kiɗa da gardama, a ba da kofi, sannan kowa ya watse sai baɗi. Wanda ya fi kowa cin ƙwallo a gasar, ko sunansa ba a rubuta ba.

Abin da ke hannun Yamai da abin da ke hannunmu

Na Yamai a fili yake. Gwamnati da hukumar FENIFOOT su gyara filin Seyni Kountché ya cika sharuɗɗan CAF kafin wasannin neman kofin Afirka na 2027, wanda Kenya da Uganda da Tanzaniya za su karɓa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kuɗin da ake kashewa a jirgi da otal da hayar fili a ƙasar wasu, a gida ya kamata su zauna. A 2019 Maraɗi ta karɓi wasannin kofin Afirka na 'yan ƙasa da shekara 20, ke nan ba dole ne komai ya tsaya a babban birni ba. Kuma tunda a watan Maris 2025 an zaɓi ɗan Nijar, Djibrilla Hima Hamidou, a majalisar FIFA, muna da bakin magana a inda ake raba kuɗin raya ƙwallo. Masoya ƙwallo na da haƙƙin tambayar nawa ne ke isa jihohi, nawa ne ke isa gasar yara.

Namu kuma ba ya bukatar miliyoyi. Ma'aikatun magajin gari na Matamaye, Kance, Ɗan Barto, Dawshe, Icirnawa, Yawuri da sauransu su kare filayen wasa kar a yanka su a sayar. Shugabannin lakkol su maido da gasa tsakanin makarantu, ta yara ƙanana, ba ta manya masu rage shekaru ba. Masu shirya gasar babban hutu su riƙa aje littafi: wa ya ci, nawa ya ci, shekararsa nawa, su miƙa wa masu kula da ƙwallo na jiha a Damagaram. 'Yan kasuwa da 'yan uwa na waje masu aiko da riguna a buga sunansu a baya, Allah ya saka, amma ƙwallaye goma da raga biyu da ɗan abin sabulu ga tsohon ɗan wasan da zai tsaya da yara kowane maraice sun fi rigar amfani. Iyaye kuma su sani ƙwallo ba ta hana karatu in an tsara lokaci.

Ba mu ce gobe Matamaye za ta fitar da wanda zai gaji Maâzou ba. Amma sau biyu a cikin shekara biyu, ƙwallo ɗaya ce ta raba mu da inda muke so mu je, kuma wanda zai ci ta nan da shekara takwas ko goma yanzu haka yana wani fili yana buga ta ba takalmi.

Wannan namu ganin ke nan. Mai ganin baya ne ko mai horo ne, ƙofa a buɗe take, ya kira mu a shirin wasanni ko ya aiko da saƙon murya, amma ya zo da nasa lissafin. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya kai mu ranar da za mu kalli Mena a gida.